Waƙar Kawuna Ta Faɗa Hannun 'Yan Bindiga

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ni makaɗi ne a Birnin Gwari. Garaya nake kaɗawa, a wajen kawuna na koya, tsohon maharbi ne a Randagi, ya rasu bayan an tashe su daga ƙauye. Nakan jona garayar da lantarki, in sa mata amsa-kuwwa, sautin ya riƙa tafiya yana dawowa kamar mutum na mafarki, sai in ɗora tsofaffin waƙoƙin maharba a kai. Da ma mutanen gari ba sa so, wasu su ce kiɗan bori ne, wasu su ce na 'yan ƙwaya, ni kuwa ko sigari ban taɓa sha ba. Masu saurarona duk a intanet suke.

Akwai waƙar da kawu ke yi wa daji kirari, yana kiran sunayen rafukan da ya sha ruwansu. Ita na fi so, na yi ta na saka a intanet. Ashe ta kai ga 'yan bindiga, suka riƙa ɗora ta a bidiyonsu suna juya bindigogi.

Tun daga nan in na isa majalisa sai hira ta mutu, mai shayi ya miƙo min kofi ba ya kallona. Abokina na ƙuruciya an sace yayansa a hanyar Damari, da aka sako shi na je barka. Ya tare ni a zaure, ya ce yayan ya faɗa musu yana ɗaure a gindin bishiya ana kunna waƙata. Na rantse ban san kowa a cikin 'yan bindigar ba, ya ce ya yarda, "amma kar ka shiga, in ya ji muryarka jikinsa rawa yake."

Innata ta ce in goge komai in kama noma, to ko na goge tana cikin wayoyinsu. Wani mai situdiyo a Kaduna ya ce in koma can, Inna kuma ta ce ba ta barin garin nan, ni kaɗai gare ta. 'Yan sa-kai ma sun fara tambaya a kaina. Garayar tana rataye a ɗaki, kuma duk danginmu ba wanda ya riƙe waƙoƙin kawu sai ni.

In tafi in bar tsohuwa, ko in zauna in yi shiru su mutu a bakina? Da ku ne ni, me za ku yi?