Matata Ba Keke Ba Ce

Zuwa ga uwar 'ya'yana, Hajiya Zulai,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yara da jikoki duk lafiya. Yau na wuce ta ƙofar gidanmu na dā a Yakasai, na tsaya ina dariya ni kaɗai har mutane suna waiwayena. Shi ya sa na zauna rubuta miki.

Kin tuna shekarar da kike da cikin Sani, kafin a ba mu mulkin kai? Ina ɗinki a kasuwar Kurmi, aikin bai ishe mu ba. Sai aka ce wani kamfanin sayen gyaɗa yana neman malamin sikeli, amma sai mutum ya zauna gaban Bature ya amsa tambayoyi da Turanci. Ni kuwa Turancina na elementare duk ya zube a hanya.

Maƙwabcinmu Malam Bukar, mutumin Barno, ya taɓa aiki da Turawa. Shi ya tabbatar mini Baturen nan ba ya tambaya sai a kan keke, domin ma'aikaci zai riƙa zaga ƙauyuka. Ya ce tambayoyin a jere suke zuwa, ba sa canzawa: kana da keke, ina ka samo shi, yaya lafiyarsa, ina kake ajiye shi. Ba ni da keke, sai na haya, don haka ya koya mini amsoshin a kan nasa.

Ke kika zama Baturen. Kina kifa turmi ki zauna, ki ɗora faifai a ka a matsayin malafa, ki toshe hanci da yatsu biyu, ki yi ta gwalan-gwalan ɗin da ke ma ba ki san ma'anarsa ba. Da kin yi shiru sai in zubo amsa. In na yi gargada ki ce, “Malam, an kore ka. Na gaba ya shigo.” In fita zaure in sake sallama.

Innata, Allah Ya ji ƙanta, ta leƙo ta same mu a haka. Ta juya ta koma ɗakinta. Da la'asar sai ga ta da kasko tana turara tsakar gida da hazbo, ta kawo mana rubutu ta tsaya a kanmu sai da muka shanye.

Ranar jarrabawa na sa rigar aurenmu. Baturen ya buɗe baki, wallahi ban tsinci kalma ko ɗaya ba. Amma yadda maganar ke fita ta hanci, sak taki. Hankalina ya kwanta. Duk sanda ya yi shiru sai in ba shi amsa, a jere, ba gargada. A ta biyu ya ajiye alƙalami. A ta uku ya cire tabarau. A ta huɗu ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Na fito ina ganin na burge shi har ya yi ƙwalla.

A baranda akawun ofishin ya ja ni gefe. Ashe ranar ba da keke Bature ya fara ba, da iyali ya fara.

Ya tambaye ni ko ina da mata. Na ce ɗaya, baƙa.

Ya ce 'yar ina ce. Na ce a kasuwa na saya, ta hannu.

Ya ce tana lafiya? Na ce ta tsufa amma da ƙwari, kowace Juma'a ina wanke ta in zuba mata mai.

Ya ce a ina muke zaune. Na ce a zaure, ɗaure da sarƙa saboda ɓarayi.

Na dawo ina jan ƙafa, don na san aikin ya tafi, ga haihuwa tana matsowa. Na gaya miki komai. Na zaci za ki yi kuka, ko ki yi dariya. Sai kika ci gaba da tankaɗe, kika ce aiki na Allah ne, amma ba za a bar wani Bature ya tafi da labarinki ƙasarsu a haka ba. “Ka koma ka gyara mini suna.” Na yi ta magiya. Da yamma kika aiko mini da tuwo zaure, kika ce tunda can muke zaune.

Haka na koma wurin Malam Bukar ya haɗa mini magana ɗaya tak. Washegari na tsaya a ƙofar ofishin har Baturen ya fito. Na ce, “Sa, mai waif is not e baisikul.” Ya dube ni, ya ce ya yi zargin haka. Sannan ya tambaye ni sunanki, a hankali, kuma a karon farko na gane abin da Bature ya faɗa. Na amsa. Ya ƙara wata tambayar, na haɗa da hannu da ka na amsa. Ban sami sikeli ba, amma ya ɗauke ni masinja. Da albashin farko muka yi sunan Sani.

Zulai, a duk zamanmu ban taɓa iya gaya miki magana mai daɗi ba, kin san halina. Sunanki ma a gaban mutane ban cika kamawa ba. Amma ranar da na faɗe shi a ƙofar ofishin nan, da ƙarfi na faɗa, har mai gadi ya juyo. Ban taɓa ba ki wannan ɓangaren ba, kunya nake ji. Ga shi yau na ba ki.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya saka miki da Aljanna a kan dariyar da kika ciyar da mu da ita ranar da babu cefane. In tawa ta zo, Allah Ya sa in amsa tambayar da aka yi mini daidai, Ya haɗa ni da ke.

Naki,
Malam