Takardar Ƙarƙashin Allura

Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ya jikin? Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma kana shan magani ba sai Inna ta yi faɗa ba.

Ka tuna ƙwaron nan mai baƙin fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, wanda na nuna maka hotonsa ka ce kamar an tsoma shi a tawada? Shekara biyu ina binsa a lambun bayan ofishinmu. Yanzu an tabbatar ba a taɓa rubuta irinsa ba. Da so samu ne, murna zan ce ka taya ni.

A aikinmu na binciken ƙwari, kowane ƙwaro ana soke shi da allura, a sa 'yar takarda a ƙarƙashinsa da sunan wanda ya kamo shi. Jiya na buɗe akwatin da ka ƙera min da hannunka, na tarar Farfesa, shugabanmu, ya cire takardata ya sa tasa. Rahoto ma ya fita, sunana ko a gefe babu. Wallahi sai da na shiga banɗaki na sha kuka. Cikin akwatinka fa, Baba!

A gaida Inna.
'Yarka, Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, saƙonka na in yi haƙuri ya iso. Ina kan yi, amma ji wannan.

Farfesa ya rubuta wai hasken fitila ke jawo ƙwaron, tunda haka danginsa suke. Hotuna kawai ya kwasa, littafin da nake rubuta halayen ƙwaron ko buɗewa bai yi ba. Wannan ba ruwansa da fitila. Ruɓaɓɓun 'ya'yan itace yake bi kafin rana ta faɗi, sannan ya lafe a jikin bishiya, kai ƙasa. Masana suka zo daga nesa su gan shi da rai, kwana uku ana kunna fitilu, ko ɗaya bai zo ba. Aka fara raɗe-raɗin ƙirƙira ce.

Yau Farfesa ya kira ni 'yarsa, abin da bai taɓa yi ba, yana roƙon in nuna yadda ake samun ƙwaron. In na yi shiru, za a soke ƙwaron daga rajista, wahalata ta bi iska. In na nuna, sunan Farfesa ya zauna har abada.

Na ɗauki ruɓaɓɓiyar ayaba na kai masanan lambu, Baba. Ƙwari shida suka sauka a kanta. Aka yi ta tafi ana miƙa wa Farfesa hannu. Ni kuwa aka miƙo min kyamara in ɗauke su hoto.

Kada ka gaya wa Inna.
'Yarka, Auta