Kaɗanya a gonar Baba

Assalamu alaikum, ƙanena Sani. Ya iyali, ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan Roni lafiya lau.

Na daɗe ina jin wai akwai littafin aljihu mai gane itatuwa, ban yarda ba. Shekaranjiya wajen sharar gonar Baba, 'yan ƙwadago za su sare wani tsiro. Na ce kaɗanya ce, suka yi dariya, wai ta ƙare a ƙasarmu. Sai 'yarka Hadiza, da ke tare da mu a gonar, ta zaro irin littafin, ta gwada ganyen da hoto, ta ce, "Baffa ya fi ku gaskiya!" Mun kewaye shi da ƙaya.

Ka yi addu'a ya rayu, ka gaishe da Hajiya. Labarin littafin kuwa, yanzu na yarda, tunda Hadiza ce ta nuna min.