K Biyu Ne Ashe

Madera, 6 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana Casimiro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Alaska da ƙarnin kifi ba su kayar da kai ba. Mu nan, 'yarka Noemi lafiya lau, sai dai rama. Yayanta Isidro da matarsa an ce suna lafiya, a bakin mutane muka ji, don ba ya leƙo mu. Ni bayana ne, ka san halinsa. Mahaifiyarka Inna Herminia ƙafarta ta hagu ta sake kumbura, likita ya ɗora ta a kan maganin tsinka jini. Bakinta kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Kada ka tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Ni ce da hannuna. In ka ga baƙaƙen sun karkace, bayan na taso daga tantance lemo nake zama, yatsun ba sa yarda su miƙe.

Jami'ar nan ta arewa ta karɓi Noemi. Ka san kwalejin garinmu shekara biyu ake yi a wuce gaba, ita ga ta a ta uku saboda mu. Duk darasin sinadarai da suke da shi ta gama, har malamarta ta ce abin da ya rage sai ta wanke musu kwalabe. Jami'ar tana son amsa kafin ɗaya ga Yuni. Ta karanta saƙon, ta kife wayar, ta tashi ta hau jera wa Inna ƙwayoyi. Na ce, "Ke ba kya murna ne?" Ta ce, "Mama, wa zai karanta muku takardun asibiti?" Na ce ni mana. Inna ta ɗago murya daga ɗaki: "Wadda ta koyi karatu da furfura? To ku kira mini fadan coci ya yi mini addu'ar ƙarshe tun yanzu."

Ban da ajin manya na coci, ina da wata makarantar a kicin, wato allon sinadarai da Noemi ta manna a bango gefen firji. Ina gasa tortiya, wainarmu ta masara, ina bitarsa. Na san Fe ƙarfe ne. Na san K shi ne potasiyam, wanda yake cikin ayaba, wai tsohon sunansa ne ya bar masa harafin. Daga gobe ni ce mai kula da maganin Inna da abincinta, don yarinyar nan ta gani da idonta.

Ka riƙa sa safa biyu.

Matarka,
Eufemia

Madera, 2 ga Mayu

Baban Noemi,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Kada hankalinka ya tashi, Inna ta dawo gida, tana cin abinci, tana zagin kowa. Amma ta kwana uku a asibiti, kuma ni ce sanadi.

Takardar da likita ya ba mu tun farko ta ce mai shan maganin nan ya yi hattara da abinci mai yawan K. Na karanta da kaina, ban tambayi kowa ba, don harafi ne da na sani kamar yunwar cikina. Na tattara ayabar gidan kaf na kai wa maƙwabciyarmu Chayo. Inna ta yi ta mita, wai matar ɗanta za ta kashe ta da kwaɗayi. Don in wanke mata rai sai na shiga dafa mata ganye, alayyafo da ƙwai da safe, kabeji da rana, kullum ba fashi. Ina ta jin daɗi a raina, wai ga ni ina aiki da ilimi.

Ƙafar ta kumbura kamar gungume. Da aka gwada jininta aka ce maganin ba ya aiki ko kaɗan. Ashe K biyu ne, Casimiro. Akwai na allon Noemi, akwai kuma bitamin K, shi a cikin ganye yake, kuma shi ne yake karya maganin. Na rasa yadda baƙaƙe suka yi wa masu ilimi kaɗan har suka ɗora wa ɗaya kaya biyu.

Da Noemi ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. A mota muna dawowa ta ce, "Ba laifinki ba ne, Mama, ni ce ban duba ba. Zan gaya wa jami'ar su ba wani gurbin." Da muka isa gida ta ɓalle allon daga bango ta naɗe shi. Yanzu in na juya daga murhu sai in ga wurin fayau, ya fi sauran bangon haske.

Na gaji, maigida. Ba aikin ne ya gajiyar da ni ba.

Taka,
Eufemia

Madera, 11 ga Mayu

Maigidana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafar Inna ta saɓe, jininta ya daidaita. Noemi ta gama jarrabawa, ba ta fita, ba ta dariya. Isidro ya zo da furanni, ya ci abinci, ya tafi.

Ran Talata na bar aiki na hau bas ni kaɗai zuwa asibiti. Na ce wa wata nas ta zauna da ni, ni dattijuwa ce mai sabon karatu. Ta faɗa, na rubuta, na karanta mata, ta gyara, na sake karantawa. Ta ba ni lambarta, ta ce in kira ko a kan harafi ɗaya ne. Har na kira ta a kan wake, ta yi dariya ta ce in dafa abina.

Abin da ban zata ba shi ne Inna. Jiya muna cin abinci ta nuna Noemi da cokali: "Ke mai kwalabe, gadin gawa za ki zauna yi? Uwarki ta kusa aika ni lahira da alayyafo, gaskiya ne, amma ita ce ta kwana a kujera tana matsa mini ƙafa. Tattara ki tafi, ki dawo da maganin da ba ya tsoron kabeji." Noemi ta sunkuyar da kai ta ce, "Kaka, Baba ne ya bar mini amana."

Sai a nan na gane. Ka tuna ranar tafiyarka a tashar mota, ka dafa kanta ka ce, "Ke ce idon gidan nan." Kai ka faɗa ne don ban kwana, ita kuwa ta ɗauke ta a ka, tana nema ta ajiye jami'a saboda ita. Maganata ba za ta sauke mata ba, ta Inna ma haka. Kai ka ɗora, kai za ka sauke.

Kada ka ce sai jirginku ya zo gaɓa ka kira waya. Takarda nake so, ta iso kafin ɗaya ga Yuni, in ta wuce ranar nan an rufe ƙofa. Ka sa sunana a bayan ambulan, ba nata ba. Ka yi baƙaƙen manya, kada ka harhaɗa su kamar yadda ka saba, don ni zan tsaya a gabanta in karanta mata.

Matarka mai jiranka,
Eufemia