Ruwa Ɗaya

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yaya Mutawakkil ya aiko da injin wanki daga Kaduna. Direbansa ya kawo, shi bai zo ba. Saƙon murya ya biyo baya: "Badaru, yanzu sai ka huta."

In huta. Wata takwas ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye muka ɗauko shi daga Kurfi zuwa gidana nan Dutsin-Ma, saboda kusa da asibiti. Wata takwas kullum bayan asuba ina tsugune a gindin baho ina wanke zanen gadonsa da wandunansa, don Baba ya gwammace ya kwana cikin ƙazanta da matar ɗansa ta ga abin da ke fita daga jikinsa. A wata takwas ɗin nan sau biyu Yaya ya leƙo, duka biyun bai cire hula ba. Yau ya aiko wakili mai wayar lantarki a gindi.

Lahadi, 6 ga Yuli

Lado mai gyaran firji ya zo daga Kurfi ya haɗa injin. Mai baki biyu ne, ɗaya na wanki ɗaya na matsewa. Da aka gwada shi a tsakar gida sai ya kama rawa yana tafiya har ya kusa bangaje randa, matata Fiddausi na ta dariya. Lado ya sa masa katako a ƙarƙashi, ya miƙa tiyon zubar da ruwa zuwa rariya. Ya ce kada in cika masa kaya, in riƙa kakkaɓe yashi, in duba aljihu, in wanke 'yar ragar da ke tare datti duk mako, in kuwa wuta ta zo da rauni in ƙyale shi. Na ce ashe wani majinyacin aka ƙaro mini.

Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take. Ya juyo da ido yana kallo, bai ce komai ba. Dama maganar tasa yanzu kalma ɗaya ce, biyu in ya matsa.

Talata, 8 ga Yuli

Babu wuta. Wakilin Yaya yana hutawa, ni ina baho.

Alhamis, 10 ga Yuli

An kawo wuta da hantsi. Na kwaso komai na zuba, zanen gado, wanduna, farar rigar da Baba ke salla da ita, na watsa garin sabulu na murɗa. Gaskiya yana wanki. Abin da ke cin min awa biyu ya gama kafin in shanye koko, kuma kayan suna fitowa kusan a bushe. Haushin da na ji ke nan, da ma bai iya ba.

Yaya ya sa hoton injin a zauren dangi na waya. Tun ɗazu addu'a ke zuba. Allah ya yi albarka, ɗa na gari, Allah ya ba mu irinsa. Ba wanda ya taɓa ganin hoton bahona.

Laraba, 23 ga Yuli

Baba ya canza. Kwana nawa ke nan, in na kawo masa dutsen taimama lokacin salla sai ya ture shi da hannun mai lafiyar ya juya fuska bango. Na ce, "Baba, azahar ta yi." Bai waiwayo ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiran salla a masallacin unguwarmu a Kurfi, wanda ya taɓa zane ni da igiyar guga don na makara asuba. Na ɗauka ciwon ne ya fara taɓa kansa. Yau har na ɗaga masa murya, Allah ya yafe mini. Abinci ma cokali uku yake karɓa.

Talata, 29 ga Yuli

Injin ya tsaya. Yana gurnani, ba ya juyawa, sai warin roba. Na zare wayar. Ba zan yi wa takarda ƙarya ba, daɗi na ji.

Alhamis, 31 ga Yuli

Na sa wa Baba farar rigarsa da na wanke jiya. Ya shafa ta, ya dube ni, ya ce, "Hannu?" Na ce e, da hannu, injin ya lalace. Sai ya nuna dutsen taimama.

Ya yi azahar a kwance da nuni, yadda ya saba. Ya sallame ya sake tayarwa. Ya sake. Ina zaune ina kallo har la'asar ta kusa, yana lanƙwasa yatsu yana ƙirgawa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. A nan na gane ramuwa yake yi. Kwana ashirin bai yi salla ba.

Na ce, "Baba, don me?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa. "Ruwa ɗaya," ya ce. "Duka." Ashe yana kallo ta ƙofa ranar da na zuba zanen fitsari da rigar salla cikin ruwan kumfa guda, na matse na shanya. A wurinsa najasar ta game komai. Ni ma na san hukuncin, shi ya karantar da ni, a gusar da najasa da ruwa tsarkakakke kafin a ce abu ya tsarkaka. Da hannu ban taɓa kuskurewa ba. Inji ya zo na miƙa masa har hankalina.

Na ce ai marar lafiya yana salla yadda ya samu kansa, ya fi ni sani. Kuma me ya hana ya faɗa min tun ranar farko? Ya rufe ido ya ce, "Na Yayanka ne."

Wato kada a ce kyautar ɗan fari tana da aibi. Ya yarda ya ɗauki nauyin salla ɗari a wuyansa, ya bar ni ina zaton ya zautu, don kada ran wanda ke Kaduna ya sosu. Na fita bayan gida na tsaya.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na je suna Kurfi, na bar Baba da Fiddausi na awa uku. Gwaggo Rekiya, ƙanwar Baba, ta tare ni tun daga zaure: "Ɗan nan, an ce yanzu kwance kake, inji na yi maka komi. Kai dai ka gode ma Allah da ya ba ka wa." Na ce na gode, na sa hannuwana a aljihu don kada ta ga yadda suka tsattsage.

Na haɗu da Lado a bakin tasha. Da na kwatanta masa ya ce bel ne ya tsinke ko ya saki, ƙaramin abu, gobe ma sai ya zo. Na ce ya dakata tukuna. Ya ce, "Mi ake jira, Malam?" Na ce zan neme shi.

Abin da ake jira: Yaya ya zo ya same shi a mace, kaji na kwana a kai. Ya tambaya, ni kuma in gaya masa a gaban kowa abin da kyautarsa ta jawo. Na shirya maganar tsaf, a kan babur na yi ta maimaita ta har gida.

Alhamis, 7 ga Agusta

Kwana uku ana ruwa. Zannuwan gado shida duk suna kan igiya a jiƙe, ɗakin ya cika da warin danshi. Ma'aikaciyar jinya da ke zuwa dubiya ta ga bayan Baba ya fara ja a wuri biyu. Ta ce in ba a kwantar da shi kan busasshe ba zai zama gyambo, kuma irin wannan gyambon ba ya jin magani.

Na shimfiɗa masa babbar rigata ta Juma'a. Ta ɓaci kafin magariba. Rigar sallarsa ma ba ta bushe ba, ya yi ta kallon igiya ta ƙofa.

Fiddausi ba ta saba sa baki a maganar gidanmu ba. Yau tana gasa zane a kan garwashi, hayaƙi na sa ta tari, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, wai da wa kake faɗan nan? Yaya dai yana can cikin busassun kaya."

Na tsani ranar da take da gaskiya.

Asabar, 9 ga Agusta

Jan ya fashe a gefe ɗaya, kamar faɗin kwabo. Wannan ba Yaya ya yi shi ba.

Na kira Lado.

Litinin, 11 ga Agusta

Bel ne. Minti ashirin ya canza shi, har yana min tsiya wai na bar lafiyayyen doki a ɗaure ina ɗaukar kaya a ka. Na ce ya taya ni mu ja injin zuwa daidai ƙofar Baba. Ya yi mamaki amma ya kama, muka sake gyara katakon, ya ƙara tsawon tiyo.

Na ɗaga Baba da matashi yadda zai gani. Zannuwan na fara kai su rariya na kwarara musu ruwa da buta har ƙazantar ta tafi, sannan na sa a inji su kaɗai. Rigar salla daban, ruwanta daban. Da aka gama na zubar da na kumfa, na zuba sabo daga randa, na sake, na sake, ina ɗaga bakin tiyon yana gani har ruwan ya fito garau kamar na sha. Na matse, na kai masa. Ya shafa ya daɗe. Ya nuna dutse.

Da ya sallame ya ce, "Kira shi. Ce na gode."

Shi. To.

Na kira. Maganar nan da na haddace tana bakina, na faɗi ta Baba kawai. Sai na ji Yaya yana jan hanci. Ya ce, "Badaru, wallahi ba na iya ganinsa a haka. In na shigo ɗakin ƙafafuna rawa suke." Na so in ce ni nawa ƙarfe ne? Ban ce ba. Na ce ya zo Juma'a, akwai yadda ake ɗauraya, zan nuna masa.

Ban ce na huce ba, kuma ban san ko zai zo ba. Ɗakin baƙi dai ya yi ƙura, na share shi da yamma.