Na Rantsar da Yaya Idrisu Saboda Kwamfuta

Assalamu alaikum Hajiya Zulaihatu. Don girman Allah ku taimaka mini, ku daure ku karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Abin duniya ya ishe ni, kuma na rasa wanda zan gaya wa bai yi mini dariya ba. Na san ba a saba kawo maganar na'ura filin nan ba, amma na taɓa karantawa kun ce kun daɗe kuna koyar da kwamfuta kafin ku yi ritaya. Tawa matsalar daga na'ura ta faro, yanzu kuma tana neman raba ni da mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a Kano.

Ni mutumin wajen Jahun ne, ina aiki a wani kamfanin leda a Sharada. Shekara tara ke nan muna ɗaki ɗaya da Yaya Idrisu, mutumin wani ƙauye a bayan Maraɗi. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba. A bakin get ya tsince ni da ƙullin kayana ina neman aiki, ya tsaya mini aka ɗauke ni, ya kai ni ɗakinsa. Ni ina aikin rana, shi yana aikin kwana, katifarmu ɗaya, karɓa-karɓa muke yi kamar yadda yawancin ma'aikatan nan suke yi. A bakin get muke haɗuwa safe da yamma, mu gaisa, mai fita ya karɓi mukulli daga hannun mai shiga. Sai ranar Lahadi muke zama mu ci abinci kwano ɗaya.

Kwamfutar ni na harhaɗa ta da hannuna. Shekara biyu ina tsintar kayanta ɗaya bayan ɗaya a wajen 'yan kwamfuta, ina koyo a waya, har ta tashi. Da ita na koyi tace bidiyon biki da na suna da na saukar karatu, burina wata rana in rabu da zafin injin leda. Ranar da ta fara kawo haske, wallahi Yaya Idrisu ya fi ni murna, har shago ya je yana cewa ƙanensa ya zama injiniya. Bai yi boko ba, ko kusa da madannanta ba ya zuwa. Abu ɗaya yake yi mata: saboda ƙurar tireloli da baƙin hayaƙin kamfanoni da ke shigo mana, kullum in ya dawo da safe sai ya lulluɓe ta da wani gwado mai kauri da mahaifiyarsa ta ba shi, ya soke gefe da gefe tsaf, sannan ya rufe taga ya kwanta. A lokacin ni da yamma kawai nake kunna ta, in kashe kafin in kwanta.

Wata biyu da suka wuce, da shigowar bazara, na ƙara mata ƙarfi. Na sa mata girafik kad na hannu, wato katin da ke ɗaukar nauyin hoto, na ƙara ram guda biyu, wato ƙananan katunan da ke ƙara mata sauri. Sauran kayan, har da fawa-fak ɗin da ke rarraba mata wuta, na bar tsofaffin. Sai na fara karɓar manyan ayyuka. In na gama tacewa, kwamfuta kan ɗauki awa shida ko bakwai tana haɗa bidiyon ita kaɗai, kamar a ɗora wake a tafi. Da yake muna kan layin kamfanoni, da rana muka fi samun wuta. Sai na riƙa ɗora mata aikin da safe, in kashe sikirin don kada haske ya hana Yaya barci, in fita.

Daga nan masifa ta fara. In dawo da yamma in tarar da ita a mace, ta yi sanyi, tana lulluɓe da gwado, aiki ya tsaya a hanya. Yau a rabi, gobe ya kusa ƙarewa, jibi ko nisa bai yi ba. Amma ranar Lahadi in na zauna a gabanta, lafiya lau take gamawa. Babu abin da ban yi ba. Na sake mata babbar manhajarta, Windows, har sau biyu. Na cire ram na goge bakinsu na mayar. Na tambayi maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ko ana ɗauke wuta da rana, ta ce firijinta bai tsaya ba. Na ɗora ta a adaidaita na kai wa Muhyiddeen mai gyara, ya buɗe gefenta, ya sa ta aiki wuni guda a ƙarƙashin fanka, ko gezau. Ya ce lafiyarta ƙalau, in je in bincika wanda yake taɓa ta a gida.

Hajiya, maganar nan ita ta shiga raina ta zauna. Na ce da kaina, wa zai lulluɓe na'ura tana cikin aiki? Ai sai dai ya kashe ta sannan ya rufe. Na tambayi Yaya ko shi yake kashewa, ya ce bai taɓa ba. Na sake tambaya bayan sati, ya yi murmushi ya ce shi ina ya san inda ake kashewa. Ni kuwa murmushin nan sai na ga kamar na rainin hankali ne.

Ana cikin haka na karɓi bidiyon bikin ƙanwar wani babba a sashenmu. Sau uku ina sa masa rana, sau uku tana mutuwa. Ya tsayar da ni a gaban ma'aikata ya wanke ni tas, har ana kirana injiniyan leda. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, Yaya ya zo da wuri, muka haɗu a masallacin kamfani. Shaiɗan ya hau kaina. A gaban limaminmu Malam Sagir da mutum kusan ashirin na ce baƙin ciki yake yi mini, tsoro yake in tsere in bar shi a leda. Na ce in ba shi ne yake kashe mini ita ba, ya rantse. Malam Sagir ya yi ta ba ni baki, na ƙi. Yaya Idrisu ya tashi ya sake alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse yatsansa bai taɓa danna komai a jikin kwamfutar nan ba. Ko kallona bai yi ba.

Washegari da yamma mai gadin kamfani ne ya miƙo mini mukulli. Na tarar ya kwashe kayansa duka, har buta. Ranar ban ɗora mata aiki ba, a kashe take, amma na same ta lulluɓe da gwadon, a soke tsaf kamar kullum. An ce ya koma wajen 'yan garinsu masu aikin fata a Challawa, kuma ya gaya wa kamfani ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya tafi gida. Saura kwana goma sha ɗaya.

Na ninke gwadon na ajiye. Kwana uku a jere tana gama aiki lafiya, har na ce a raina to ga shi nan, ashe ƙarya ya rantse. Da wata Lahadin ta zagayo ina zaune a gabanta, ni kaɗai, ƙofa a rufe, sai ɗif! Ta mutu a kan idona. Ran Talata ta sake. Wallahi tun daga ranar abinci ba ya wuce mini. In na kalli kwamfutar sai in ji na tsane ta, in na kalli gwadon sai hawaye. Na'ura ce, ko mutum ne, ko hannu aka sa mini? In kuwa Yaya ba shi da laifi, da wane ido zan kalle shi? Ni dai na ga kamar na yi biyu babu. Ku taimake ni don Allah.

Daga Ɗan Jahun Mai Nadama, Sharada.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yaye maka. Ka cire maganar sammu daga ranka, domin amsar tana cikin wasiƙarka, da hannunka ka rubuta ta.

Ka ce kana kashe sikirin kafin ka fita. A wajen mutumin da bai san kwamfuta ba, in gilashi ya yi duhu to ta mutu ke nan. 'Yar ƙarar fankarta kuwa, wa zai ji ta a Sharada, ga rurin janareto ga gajiyar aikin kwana? Idrisu yana shigowa ya ga duhu, ya yi abin da ya saba yi tun ranar farko: ya lulluɓe, ya soke, ya rufe taga. Sabon katin nan yana fitar da zafi sosai in yana aiki. Ka toshe masa iska da gwado a tsakiyar bazara, dole na'urar ta kashe kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa a da ba ta mutuwa ran Lahadi, ba ta mutu a shagon Muhyiddeen ba, kuma ta lafa da ka ninke gwadon. Ban ga na'urar ba, amma na fi ƙarfafa zaton rantsuwar Idrisu gaskiya ce tsantsa.

Ba zan ce zarginka ba shi da tushe ba. Hannunsa yana ciki, kuma abin da ka gani zai ruɗa kowa. Sai dai kai ka sauya tsari, ka fara barin ta a kunne, ba ka gaya wa abokin zamanka ba. Da ka tambaye shi ma, ko ya kashe ka tambaya, ya ba ka amsar abin da ka tambaya. Da ka ce ya gaya maka yadda yake samunta da safe, da magana ta ƙare a bakin get.

Mutuwar da ta yi bayan tafiyarsa wata matsala ce daban. Na fi zargin tsohon fawa-fak ɗin: ka ƙara masa kaya ba ka ƙara masa ƙarfi ba, ga shi ya sha gashi wata biyu, ga wutar layin kamfanoni da kan yi ƙasa in manyan injina sun tashi. Firiji ba zai nuna wannan ba, kwamfuta kuwa ƙiftawa ɗaya ta ishe ta. Ka ari wanda ya fi shi ƙarfi ka gwada kwana uku. In ta sake, ka cire sabon katin ka gani, sannan ka gwada ram ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ka hure ƙurar cikinta, ka janye ta daga bango, ka sa manhajar da ke nuna zafi kana dubawa. Abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, kana rubuta ranar da lokacin. In hali ya yi, ka sa mata na'urar riƙe wuta. Wannan duk mai sauƙi ne.

Mai wuyar shi ne Idrisu. Magana zarar bunu ce, ba zan ruɗe ka ba. Mutumin da ya ba ka rabin katifarsa shekara tara, ka sa shi dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, yana iya yafe maka kuma ya tafi abinsa. In ya yi haka bai zalunce ka ba. Amma ka je, da ƙafarka, kada ka buga waya kada ka aika. Ka roƙi Malam Sagir ya raka ka Challawa. Kada ka fara da bayanin zafi da gwado, don kada ya ji kamar ka zo ne ka ce ashe dai shi ne. Ka ce ka zalunce shi, ka yi shiru ka saurara. Kuma tunda a masallacin kamfani ka ci masa mutunci, ranar Juma'a ka miƙe a nan, a gaban mutanen nan, ka wanke shi da bakinka, ko ya zo ko bai zo ba.

Gwadon kuwa kada ka tafi da shi, kada ya ɗauka ka zo mayar masa da kayansa ne. Ka gaya masa yana nan a ninke, a kan gefensa na katifa. Mutumin da ya kwashe har buta bai manta da abin mahaifiyarsa ba. Yana cikin ɓacin ran da ka sa shi ya tsaya ya rufa maka na'urarka, don kada ta sha ƙura.

Ka bar kwamfutar a kashe tukuna, ba inda za ta. Kwanakin da ka ƙirga kuwa sun ragu kafin takardar nan ta iso hannunka. Allah ya sanyaya zuciyar Idrisu, ya ba ka ƙarfin halin durƙusawa, ya sa ku sake miƙa wa juna mukulli a bakin get.

Hajiya Zulaihatu