Binciken Auta a Kan Bayan Teloli

Zuwa ga ƙanena abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma ƙara maka juriya a wurin aiki, amin. Inna tana nan da ƙarfinta, faɗa kuwa sai abin da ya ƙaru. Baban yara ya dawo daga tafiya, 'yan biyu kuma sun shiga aji na gaba da ƙiriniyarsu.

Dalilin rubuto maka shi ne Autanmu, wanda ya kusa sa min hawan jini. Ka san ka zuga shi ya shiga digiri na biyu, ka tafi ka bar ni da shi. To binciken da ya zaɓa a kan ciwon baya ne a tsakanin teloli, wai tunda a shagona ya tashi, ya san su ciki da waje. Malamin da ke duba aikinsa, wanda ɗalibai ke kira Jan Biro, ya ce masa kada ya kuskura ya fita sai ya fara gwada tambayoyinsa a kan mutane kaɗan, ya ga ko suna kamo abin da ake nema. Auta ya ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ma na ce masa sauri kan haifi nawa, ya ce in tsaya a kan kekena, babi na uku na bincikensa ba zanin aure ba ne da zan sa masa baki.

Haka ya bi shaguna layi-layi da takardunsa. Kuma ka san tambayarsa ta farko? Wai yaya jiki! Don Allah wane ɗan mutunci ne za a shigo masa shago da sallama a ce yaya jiki, ya fara lissafa ciwo? Kowa ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Auta ya rubuta babu ciwo. Har tsohon nan na bakin titi, wanda sai ya dafa bango yake miƙewa, ya ce masa lafiya lau, shi kuma ya rubuta. Ya zuba komai a kwamfuta, ta fito masa da zane mai kyau cewa teloli sun fi kowa lafiyar baya a duniya. Ya zo yana nuna min yana washe baki.

Jan Biro bai yi dariya ba. Ya ce masa wannan ba bincike ba ne, zagayen gaisuwa ya yi. Ya kuma gaya masa wa'adin karatunsa ya kusa cika, in bai kawo sababbin tambayoyin da aka gwada ba kafin zaman malamai na gaba, to ya ɗauka an sallame shi. Auta ya dawo ya kwanta a falo, ya ce ya fasa karatun. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ba a gidana ba, in ya ga dama ya yi kukansa a zaune da littafi a hannu.

Da ƙyar ya tashi ya karanta abin da ya tsallake. Ya sake tsara tambayoyin, ya cire gaisuwa, ya koma tambayar abin da mutum ke iya yi da wanda ya gagare shi. Sai ya ce da ni zai fara gwaji. Na ce bismilla, ina cikin ɗinki, don a ganina wasa ne. Ya tambaye ni yaushe rabon da allura ta faɗi ƙasa in sunkuya in ɗauka da kaina. Na ci gaba da ɗinkina. Ya tambaye ni ko a tsaye nake salla ko a zaune, kuma tun yaushe. Ka ga irin rashin kunyar yaron nan? Ba hanyar da zan ce alhamdu lillahi in wuce. Na faɗa masa gaskiya, cikin fushi.

Malaminsa ya amince da tambayoyin, har ya ce yanzu ya fara zama ɗalibi, don haka karatu ya tsira. Ka kira Auta ka duba masa sauran, amma kada maganar bayana ta kai kunnen Inna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ranar da na ba shi amsar nan bai rubuta ba. Ajiye biron ya yi, ya zuba min ido har suka ciko, ya ce ashe a gabansa nake wannan wahala bai taɓa tambaya ba. Na ce ya rufe min baki ya rubuta, a bayan nan na goya shi kuma bai karye ba.

Ka gaishe min da amaryarmu, da mai sunan Baba, da takwarata sarkin kuka. Inna da Baban yara suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka